Wa zai shugabanci tarayyar da na ƙirƙira?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta labarin wata ƙasa da na ƙirƙira: jamhuriyoyi biyar, kowace da harshenta da majalisarta, a tarayya ɗaya. Wata biyu ke nan na cije a kan batun shugabanci.

Na fara da karɓa-karɓa, sai na tuna Yugoslabiya, wata tsohuwar tarayyar jamhuriyoyi a Turai. Haka suka yi bayan rasuwar shugabansu Tito a 1980, duk shekara kujerar ta sauya hannu, amma a 1991 ƙasar ta fara wargajewa. Ga shi jamhuriya ɗaya a labarina ta fi sauran huɗun jama'a, ba za ta yarda da kaso daidai ba. Ni kuwa wallahi ba na son su ƙare da yaƙi.

Don Allah, wane tsari zai hana babbar danne ƙananan ba tare da an tauye ta ba?