Bulala a aji: shawarwarin malaman Gombe

Malamai da hedimastocin da suka tattauna kan horon ɗalibai a Gombe sun haɗu a kan abu guda: malami kada ya ɗaga hannu yana cikin fushi. A nan ake yin ɓarna. Mari a kunne na iya fasa dodon kunne, bakin dorina kan kauce ya sami ido, tsallen kwaɗo cikin ranar Afrilu kuma kan sumar da yaro mai sikila ko asma, malami bai ma san da ciwon ba. Miƙa wa monita bulala ya daki 'yan ajinsu kuwa, sun ce a daina, huce haushinsa yake yi.

Matakan da suka fi so: a ja yaro gefe a yi masa faɗa, in ya sake a dawo da shi bencin gaba, sannan shara ta minti 10 bayan an tashi. Karo na uku a rubuta laifin da kwanan wata a kai wa hedimasta, a kira mahaifinsa. Yarinyar da ta makara a fara tambayarta dalili, sau da yawa talla ce ko ɗiban ruwa, maganar kuwa ta iyaye ce.