Sayen sashen gida a Garin Malam, Damagaram: wa zai biya jeyometir (mai awon fili) da kwantar wuta?

Ɗan Jagindi:
Salamu alaikum jama'a, ina neman shawara kafin Alhamis. Akwai wani gida a Garin Malam, magada ne suka raba shi uku za su saida min sashe guda, ɗaki biyu da salo da ƴar tsakar gida, miliyan 6 da rabi na sefa. Abin da ya hana ni barci, akt de sesiyon (takardar mallakar filin) guda ne kuma da sunan marigayi babansu, kwantar wuta guda, pampon ma yana ɓangaren babban wansu. Dillali ya ce in biya kawai sauran ƙaramin abu ne. To wa ke ɗauko jeyometir ya auna ya kafa born (alamar iyaka), ni ko su? Jawo wuta da ruwa da sunana kuma, cikin kuɗin gidan yake ko daga aljihuna? Shekara 9 nake tara kuɗin nan.

Abu Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ka sayi fili a hanyar Tanut ka gina naka ka huta.

Ɗan Jagindi:
Malam Abu mai gidan da nake haya ya ba ni wata biyu, ina zan sa iyali kafin gini ya tashi?

Maman Nafisa:
Ɗana don Allah kada ka ba da ko dala. Ni irin wannan na saya a 2019 da kuɗin gadon mijina Allah ya ji ƙansa, takarda guda muka rubuta gaban mai unguwa da shaidu, aka nuna min iyaka da ƙafa, wai daga bakin dalbejiya zuwa katanga. Shekara biyu muna zaune lafiya ina ba da kasona na faktir duk wata, ashe wanda nake ba ba ya kaiwa, ranar da aka zo yanke wuta na ga bashin jika 340 da sunan mutumin da ya daɗe a kabari. Bai ishe ni ba, ƙanen magadan ya saida nasa sashen, sabon mai shi ya zo da jeyometir aka ja igiya sai ga banɗakina da rabin madafa a cikin nasa. Tiyon ruwana ma ta ƙarƙashin ɗakinsa ya bi, ya toshe ya zuba siminti. Na je wajen mai unguwa, na je fada, na je jastis, ko'ina tambayar guda ce, ina planinki? Ba ni da shi. Dalbejiyar ma an sare ta.

Hadiza K.:
Innalillahi. Allah ya bi miki hakkinki Hajiya.

Tsohon akawun noter:
A ka'ida mai sayarwa ne ya kamata ya raba kayansa kafin ya saida, don ba a saida abin da ba a san iyakarsa ba. Magada su fara kawo takardar gado daga jastis wadda ta lissafa su duka har da mata, jeyometir ya yi morselma (rabon filin a takarda), a kai kadastir (ofishin rajistar filaye), sannan a yi mitasiyo (sauya suna) sunanka ya hau. Akt de sesiyo daga meri yake fitowa, titir fonsiye (takardar mallaka ta dindindin) ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Kwantar taka kuwa kai za ka nema da sunanka, kamfanin wuta su ba ka debi (takardar ƙiyasin kuɗin aiki), amma ka ce magada su nuna maka faktir ta ƙarshe da rasit ɗin biya.

Alhaji Dillali:
Wannan duk maganar ofis ce. Shekarata 22 ina dillanci a Damagaram, mai saye ne ke biyan jeyometir tunda shi ke neman kwanciyar hankali. Jika 40 an gama.

Sani Karkada:
Jika 40 a wace shekara Alhaji? Bara na biya 150, ban da born huɗu da na saya da kaina.

Abu Sabon Gari:
Ni 75 na ba da kuma ya zo da born nasa. Sani an cuce ka.

Sani Karkada:
Naka awo ne kawai na igiya, nawa da plan da hatimi. Wuta ce ma ta fi cin kuɗi, poto ya yi min nisa debi ya fito jika 400 da wani abu, maƙwabcina da poto ke ƙofarsa bai kai 60 ba.

Tsohon akawun noter:
Alhaji kai kamashonka kake karɓa ranar ciniki, mu ne muke ganin mutane suna dawowa da kuka bayan shekara biyar.

Alhaji Dillali:
Kai nawa ka taɓa saya da kuɗinka? Wanda ya riƙe biro daban, wanda ya shiga rana daban.

Jauro:
In magadan nan Barebari ne Ɗan Jagindi ka auna har da inuwar katanga, kada gobe su ce ba ta cikin ciniki 😂

Ya Kolo:
Ji Bafillace, wanda iyakar gidansa inda saniya ta kwanta 😂

Maman Nafisa:
Ku yi ta dariya. Yau shekara uku ina sayen ruwan garuwa a gidan da na saya da pampo. Ɗana ka tambaya ma ko akwai magajin da ke Agadas ko Libiya wanda bai sa hannu ba, nawa haka wani ya dawo daga Jado ya ce shi bai saida ba.

Ɗan Jagindi:
Hajiya kin tuna min, sun ce akwai ƙanwarsu da ke aure a Kano. To in na ce a cire kuɗin jeyometir daga miliyan 6 da rabin, daidai ne?

Hadiza K.:
Wai ma pampon da ake faɗa a kai ruwa yake zubowa? Mu a Kara Kara sai biyun dare muke tsaron robine, in ya zo ka cika bido uku ya ɗauke. Garin nan kan dutse yake, ko rijiya ka haƙa ba ka samu, daga Gogo Macaya da Arunguza da Ganaram ake turo mana kuma bai isa ba, ga gari sai faɗi yake.

Sani Karkada:
Watan Afrilu bido guda dala 30 na saya.

Ya Kolo:
Mu dala 50 wallahi, kuma sai ka bi mai kura da lallashi. Ka haɗa da lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, babu kuran babu ruwa, yara ba su zuwa lakkal sai layin pampo.

Alhaji Dillali:
Ku da kuke saman tudu ne, Birni muna samu.

Hadiza K.:
Wane Birni Alhaji? Yayata can take bayan gidan sarki, jiya ma ni na aika mata da bido biyu a kabu-kabu.

Ɗan Jagindi:
Jama'a maganar ƙanwar tasu fa, sai ta zo da kanta ko takardar wakilci ta isa?