Wace bindiga ce wannan a hannun sojojin Jamus na tsohon fim?

Mai Tsohon Kaset:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da wani fim na Yaƙin Duniya na Biyu, mai kala, da alama na wajejen 1970 ne. Akwai wurin da sojojin Jamus ke tsallaka gada, na tsayar da hoton na ƙura wa bindigar na gabansu ido. Da ganin farko K98k ce, wato bindigar da sojan Jamus ya saba riƙewa a yaƙin: mariƙin sakatar (ƙarfen da ake ja a ɗana harsashi) a lanƙwashe yake zuwa ƙasa, maratayin kuma ya ratsa ta cikin katakon gindi. Abin da ya ɗaure mini kai biyu ne. Katakon saman bututu ya zarce baya har ya kewaye abin saiti, ya je ya taɓa gidan sakata. Sannan babu wannan faifan ƙarfen mai rami da nake gani a gindin K98k a hotunan yaƙi. Wata iri ce da ban sani ba, ko ta bogi ce aka sassaƙa?

Baba Kofur:
Wa alaikumus salam ɗana. Idonka ya gani daidai. Kafin in ce komai, je ƙarshen fim ɗin inda sunaye ke hawa ka duba a wace ƙasa aka ɗauke shi. Ni nan nake fara dubawa, don bindigar fim ba daga fagen fama take fitowa ba, daga sito take fitowa. Abin da ke cikin siton ƙasar da aka kafa kyamara, shi za a miƙa wa 'yan wasa.

Yadda ka siffanta ta, na fi zaton M48 ce ta Yugoslabiya. A garin Kragujevac na can aka riƙa ƙera ta daga 1950, wato an gama yaƙin da shekara biyar kafin ta zo duniya. Harsashinta ɗaya da na K98k, mai kaurin milimita 7.92, cikinta na ɗaukar biyar, daga nesa kuma ko uwarsu sai ta duba sau biyu. Amma a K98k katakon sama daga gaban abin saiti yake farawa, bayan nan ƙarfe ne tsirara. A M48 kuwa katakon ya rufe har baya, kamar yadda ka gani. Faifan gindi ma ba ta da shi. Ga na uku da za ka tabbatar: dubi katakon da ke ƙarƙashin ƙwallon mariƙin sakata. A K98k an ƙwaƙule wurin, an yi ɗan kwarmi don yatsa ya samu shiga. M48 wurin a shafe yake, sai dai aka daddale ƙasan ƙwallon.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1960 da 1970 kamfanonin Turai da Amurka sun yi ta tafiya Yugoslabiya da Sifen ɗaukar finafinan yaƙi, saboda aiki ya fi sauƙi, kuma sojan ƙasar kan ba da hayar mutane da makamai har da tankoki. Wa zai tsaya nemo K98k ɗari biyu ga M48 jibge a bariki? Shi ya sa a fim ɗin Battle of the Bulge na 1965, da aka ɗauka a Sifen, tankokin da aka ce na Jamus ne M47 ne ƙirar Amurka aka manna musu tambari. In an yi wa tanka haka, ina ga bindiga.

Abu Hanif:
Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da kai a kan wannan, amma kada yaran nan su ɗauka duk doguwar rufin katako a hannun Bajamushe kuskure ne. Bayan Jamus ta mamaye ƙasar Cek a 1939 ta kwashe bindigar vz. 24 ƙirar garin Brno ta raba wa sojojinta, ita ma katakonta har baya yake. Bambancin, mariƙin sakatarta miƙe yake sambal zuwa gefe. Sannan K98k ɗin ƙarshen yaƙi, da aka riƙa rage mata kaya don sauri, wasu ba su da faifan gindin. Alama ɗaya ba ta isa hujja ba.

Baba Kofur:
Haka ne Malam Abu, ka gyara magana. Shi ya sa sai ya haɗa uku. Lanƙwasasshen mariƙi, doguwar rufi, babu kwarmi: in sun taru, M48 ce.

Tunda an buɗe zancen, bari in ƙara wa ɗan namu abin da zai yi masa amfani gaba. Kada ka tsaya kan bindigar jarumi. Shi ake ba ta kirki, don kyamara a fuskarsa take. Leƙa sahu na biyu da na uku, can ake abin kunya. Fim ɗin Zulu na 1964 labarin faɗan Rorke's Drift ne na 1879 a Afirka ta Kudu, lokacin sojan Ingila Martini-Henry yake riƙewa, mai cin harsashi ɗaya, ana ɗana ta da wani hannu da ke ƙarƙashi bayan kunama. Na gaba suna da ita. Amma kalli na baya lokacin da suke harbi sahu-sahu, za ka ga hannunsu na dama yana jan sakata a gefe, alhali Martini ba ta da sakata ko ɗaya. Lee-Enfield ce aka cike gurbi da ita. Ƙaramar bindigar hafsoshin kuma Webley Mk VI ce, wadda sai 1915 ta fito.

Lee-Enfield ɗin ma kanta ana cakuɗa ta. SMLE ta Yaƙin Farko hancinta a dakushe yake, katako da murfin ƙarfe sun zo har bakin bututu, abin saitinta a tsakiyar bututu. No. 4 ta 1941 kuwa bututun ya leƙo waje kamar tsawon ɗan yatsa, abin saitin ya koma baya kusa da ido. Na riƙe No. 4 da hannuna ina saurayi, don haka in na gan ta a ramin yaƙin 1916 sai in ji fim ɗin ya fita raina, ko da labarin ya yi daɗi. SMLE a fim ɗin Yaƙi na Biyu kam ba laifi, an yi ta amfani da ita har ƙarshe, musamman sojojin Indiya da Ostareliya.

Ta Amurkawa da ta fi yawan tona asiri ita ce M1 Carbine. In ka ga ƙarfen maƙala banati a ƙarƙashin bututunta a fim ɗin saukar sojojin ƙawance a Normandi ta Faransa a 1944, ƙirar bayan lokacin ce. Sai dab da ƙarshen yaƙi aka fara sa shi, daga bisani aka bi tsofaffin aka ƙara musu, su ne kuma suka cika sitocin haya.

Gimbiya:
Baba sannu da ƙoƙari. Ni tambayata, me ya sa wani lokaci soja zai faɗi da bindiga in ga bakinta ya ɗan lanƙwashe ya dawo?

Baba Kofur:
Roba ce 'yata. Masu ba da hayar makamai na wancan zamani, irin su Stembridge a Hollywood da Bapty a Landan, sun riƙa zuba roba a kan siffar ta gaske don wurin faɗuwa, dambe da shiga ruwa. Ba ta ƙyalli, sakatarta ba ta motsi, mai gudu da ita kuma za ki ga ba ta yi masa nauyi ba, alhali ta gaske kilo huɗu ce ko kusa.

Akwai kuma matsalar harsashin wasa, wanda hoda ce kawai aka matse bakin kwanson. Bindiga mai sakata ba ruwanta, hannu ke ɗana ta. Mai ɗana kanta kuwa sai an tsuke cikin bututu kafin ƙarfin hodar ya iya tura ƙarfen baya. Wannan ne ya sa a fim ɗin Sergeant York na 1941 aka ba jarumin fim ɗin, Gary Cooper, ƙaramar bindiga Luger ta Jamus maimakon M1911 ta Amurka da ainihin sojan, York, ya yi amfani da ita, don ita 1911 ɗin ba ta aiki sosai da harsashin wasa na lokacin.

Mai Tsohon Kaset:
Na duba Baba. A Yugoslabiya aka ɗauka, kuma babu kwarmi a katakon. Na kuma ga wani a baya can sakatarsa na hagu. Ita kuma wace ƙasa ta ƙera?

Abu Hanif:
Babu wadda ta ƙera, hoton aka juya wajen haɗa fim. Duba gaggafar da ke rigarsa. Ta sojan ƙasa na Jamus a ƙirjin dama take, in ka gan ta a hagu to duk wurin a juye yake.