Wane Ƙwazo Ake Yabawa a Makarantun Yahudawa?

Wata tattaunawa da iyaye da malamai suka yi kan ƙwazon da ya kamata a yaba ta shafi makarantun jeka-ka-dawo na Yahudawa a Amurka, inda ake raba yini biyu: Ibrananci da Attaura a gefe guda, lissafi da kimiyya a ɗaya gefen.

Mafi yawan iyaye da malamai sun ce kada yabo ya tsaya kan masu cin gasa. Gasar Chidon ta sanin littafi mai tsarki na Yahudawa, da ake kammalawa a birnin Ƙudus kowace shekara, tana da daraja, amma yara ƙalilan ke kaiwa can. Yaron da ya daɗe yana tuntuɓe da baƙaƙen Ibrananci, yau ya karanta aya ba gargada, yatsansa na bin layi daga dama zuwa hagu, shi ma a kira sunansa gaban jama'a. Wannan shawara ta fi kama ni, don irinsa ne ke saurin karaya.

Malamai sun dage kan havruta, karatun biyu-biyu. A haɗa mai sauri da mai nawa, su yi ta ja-in-ja kan sakin layi ɗaya na Mishna, littafin da ya tattara dokokin baka na Yahudawa, har su gane da kansu.

Iyaye kuwa, su riƙa tambayar yaro sashen Attaura na makon a wajen cin abincin dare na ranar Juma'a, farkon hutun Asabar na Yahudawa. Idan ya kusa shekara 13, yana shirin bar mitzvah, bikin balagar yaro namiji a addininsu, makaranta ta rage masa aikin gida.