Abin da aka tattauna kan saka motar Beljiyam haya a Zariya

Jama'a, ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda: kafin ka biya, tabbatar takardar kwastan ta gaske ce. A 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin kan tudu.

2. Motar haya lamba mai jan rubutu ake sa mata, ba shuɗi ba. A haɗa da lasisi, inshora da takardar lafiyar mota.

3. A kan hayaƙi aka rabu. Wasu sun ce a cire "indomin" salansa (wato matatar hayaƙin da ke cikinta), wai mota ta fi jan hanyar Kwangila zuwa Samaru. Mafi yawa sun ƙi: ita ke tace hayaƙin, cire ta sai wari da wutar gargaɗi. Ni ma nan na tsaya.

4. Leƙa ƙarƙashin motar da bakanikenka, wani lokacin an riga an cire.