Kwana 9 ina Hearts of Iron IV, ko Habasha ban ci ba. Ku yaya kuka fara?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka riga ni shiga wannan harka su ba ni labarin farkonsu, ko na ji sanyi a raina. Yau kwana 9 ke nan da na saka Hearts of Iron IV, wasan kwamfuta na dabarun Yaƙin Duniya na Biyu, a laftof ɗina. Na bi darasin koyo da ke cikinsa, wanda yake miƙa maka Italiya a farkon 1936, ana tsakiyar yaƙin Habasha. A tarihi Addis Ababa ta faɗi a watan Mayun shekarar. Ni kuwa har na shiga 1937 rundunonina na gindin duwatsu, in na tura su sai su dawo. Na fi su yawan soja, ina da jirage, ina da igwa, amma shiru kake ji. Saman allon kuma cike yake da ƙananan alamomi, kowacce na neman in kula ta. Wasan ƙwallo na saba da shi, inda yatsa ke aiki. Wannan kuwa sai ka ce an ba ka ma'aikatu bakwai an ce gobe ka kawo rahoto.

Malamin Tarihi, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwana 9? Ai shekaranjiya aka raɗa maka suna.

Ni a 2017 na fara, shekara guda bayan fitowar wasan. Da yake tarihi nake koyarwa, sai na ɗauki Jamus da taƙamar na san abin da zai biyo baya: Ostiriya a 1938, Folan a Satumbar 1939, Faransa a 1940. Sanin ranakun bai tsinana mini komai ba. Tun ranar farko na duƙufa gina masana'antun makamai, ban san cewa masana'antun farar hula su ne ke gina duk sauran ba, kuma da su ake sayo ma'adinai daga waje. Guda ɗaya za ka jingina a ba ka awo 8 na roba ko na wani ƙarfe. Jamus ba ta da roba, ba ta da isasshen mai. Sai ga ni a 1940 da layukan ƙera jirage suna tafiyar hawainiya, na rasa dalili, ashe wata 'yar jar lamba ce a gefe take ta gaya mini tun tuni.

Abu na biyu har kunyar faɗarsa nake ji. Na yi mako biyu ban riƙa tsayar da lokaci ba. Dogon maɓallin nan na ƙasan kibod shi ne babban kwamandanka. Ka tsayar, ka ɗora linzami a kan duk alamar da ba ka gane ba, bayani zai fito, ka karanta a tsanake, sannan ka saki.

Direban Tirela

Malam ya yi maganar masana'anta, amma ciwon yaron nan ba a can yake ba. Sabon Shiga, yunwa ce ke damun sojanka, kuma kai ka jawo musu.

Bari in ba ka nawa. Na ɗauki Jamus na shiga Rasha a 1941 da tankoki masu kyau, na wuce birnin Minsk kamar ana tura ni. Da na ga gaba ta fara cijewa sai na yi abin da kowane sabon shiga ke yi, na ƙaro runduna. Ta ƙara cijewa, na ƙara. Ƙarshe na tara runduna kusan 40 a wani lungu mai fadama, babu layin dogo kusa. Tankokin suka tsaya cak, kayan aiki na ta lalacewa ba tare da an harba ko harsashi ba. Ranar na yi wa kaina dariya, domin shekara 18 ina tuƙi, na fi kowa sanin cewa ba ƙarfin inji ke kai kaya daga Legas zuwa Maiduguri ba, hanya ce da mai.

Tun gyaran da aka yi wa wasan a 2021, guzuri daga babban birninka yake tasowa, ya bi layin dogo ko tashar jirgin ruwa zuwa rumbu, daga rumbu kuma dawakai ko motoci su ƙarasa da shi bakin daga. Kowane yanki da iya cikin da zai iya ciyarwa. In ka cusa baki 20 a tukunyar mutum 8, duka za su kwana da yunwa. Duwatsun Habasha kuwa tukunyarsu ƙarama ce. Akwai taswirar guzuri, ka buɗe ta, duk inda ka ga ja to ka rage mutane.

Sannan ka dubi sanduna biyu da ke jikin kowace runduna. Koriyar ita ce ƙwarin gwiwarsu a fagen fama, ɗayar kuma yawan mutane da kayansu. In koriyar ta ƙare za su ja da baya ko da ba wanda ya mutu sosai. Ka bar su su huta ta cika. Kai kuma da sun dawo kake sake kora su, ai ko jaki ne zai ƙi.

Maman 'Yan Biyu

Ni fa darasin nan ban gama shi ba. Zuciyata ta ƙi amincewa in zama Musolini, shugaban Italiya na lokacin, in afka wa ƙasar Najashi, inda aka yi hijirar farko. Sai na juya na ɗauki Habasha. Sau huɗu ana cinye ni, amma a nan na koyi wasan, don ba ni da abin da zai raba mini hankali: ba jiragen ruwa, masana'antu ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya rage shi ne ƙasa. Na gane cewa runduna in ta zauna a kan dutse ko bayan kogi ta haƙa ramuka, mai kawo hari sai ya yi da gaske. A karo na biyar na riƙe su har 1938.

Don haka ban yarda da masu cewa a fara da babbar ƙasa ba. Kuma ƙanena, ka shiga saituna ka sa wasan ya riƙa ajiye kansa kowane wata. Batirin laftof ɗina ya mutu tuntuni, wata rana aka ɗauke wuta, aikin dare uku ya bi ruwa.

Malamin Tarihi, Zariya

Hajiya, a nan kam mun saɓa. Ƙaramar ƙasa kuskure ɗaya ke kashe ta. Babba tana ba ka damar ka yi shirme goma ka ga sakamakon kowanne.

Maman 'Yan Biyu

Malam, shirme goma a lokaci guda ai ba za ka san wanne ya kashe ka ba.

Ɗan Maraɗi

Ni Faransa na ɗauka, da yake da Faransanci na sa wasan. Na jibge soja a katangar Majino, wadda Faransa ta gina a iyakarta da Jamus, ina jiran Jamusawa, suka zagayo ta Beljiyam suka yi mini ƙawanya, daidai yadda aka yi a 1940, alhali na karanta wannan tun a makaranta. Runduna in aka kewaye ta, guzuri ya yanke, ba wajen gudu, gaba ɗaya ake shafe ta. Daga ranar na daina tura soja gaba-gaɗi, na koma neman inda zan huda in zagaye.

Wani abu kuma, bidiyoyin YouTube sun ci mini kuɗin data ba kaɗan. Ku duba shekarar bidiyo kafin ku kalla. Wasan ya sha gyara, shawarar 2018 kan yadda ake haɗa bataliyoyin runduna ba lallai ta yi aiki yau ba.

Jikan Ɗan Boma

Maganar direba ta tuna mini da kakana, Allah ya jiƙansa. Yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da aka kai Boma a yaƙin Hitila, kwarin Kaladan. In yana ba da labari ba ya cika zancen harbi. Zancensa dakon kaya a ka cikin kurmi, da jiran jirgi ya jefo abinci daga sama. Muna yara muna ganin labarin ba armashi, mu harbi muke so mu ji. Sai da na ɗauki Ingila a wasan nan, jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka nutsar mini da jiragen dakon kaya, sojana a Masar suka ƙame ba a taɓa su ba, sannan na gane abin da tsohon yake faɗa. Amma kada sabon shiga ya taɓa Ingila, daga Landan har Singafo duk kai ake jira.

Tsohon Akanta

Ku gode wa Allah. Ni bayan na yi ritaya War in the East 2 na saya, wani wasan ne daban na yaƙin Jamus da Rasha, na Gary Grigsby, wanda ya fito a 2021. Littafin bayaninsa ya haura shafi 500. Ba agogo mai gudu, bi da bi ake yi, kowane zagaye mako guda ne na yaƙi, taswirar kuma an yanka ta gida-gida masu kusurwa shida, kowanne mil 10. Na yi gangancin fara babban yaƙin daga 22 ga Yuni 1941, zagayen farko kaɗai ya ci mini yamma biyu. Na rufe na koma ƙaramin labarin hanyar Minsk, na maimaita shi har sau shida. Shi ma dai zancen direba ne. Layin dogon Rasha ya fi na Jamus faɗi, dole sai an gyara shi taƙi-taƙi kafin jirgi ya bi, tankoki kuma sun yi gaba sun bar shi. Kafin ka farga taɓon Oktoba ya sauko. Takarda da biro nake ajiyewa a gefe, jikokina suna tambaya ko na koma aiki ne.

Sabon Shiga

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Jiya da daddare na sake farawa. Na buɗe taswirar guzuri, arewa duk ja wur. Na janye kusan rabin rundunonin zuwa bakin teku, na bar sauran suka huta har koriyar sandar ta cika, na sa jirage su taimaka musu, na kuma matsa daga kudu ta ɓangaren Somaliya. Addis Ababa ta faɗi a Oktoban 1936. Hajiya ki yi haƙuri.

Yanzu kuma ga sabuwa. Na shirya ƙetara teku da runduna uku, na ja kibiya, kwanakin shiri sun cika, amma sun ƙi tashi daga tasha. Wani rubutu yana cewa ba ni da rinjaye a teku, alhali jiragen ruwana na nan jibge ko ɗaya bai nutse ba. Yaya Direba, ko Jikan Ɗan Boma, me kuma na manta?