Ina so in samo wa Baba cikakken The Professionals, wace hanya zan bi?

Abban Sadiq
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mahaifinmu ya yi karatu a Ingila daga 1978 zuwa 1981, kuma tun muna yara ba shi da hirar da ta wuce Bodie da Doyle da maigidansu Cowley, na shirin talabijin ɗin Ingila The Professionals. Yanzu ciwon ƙafa ya zaunar da shi, a falo yake wuni, ba abin da yake kallo sai labarai har ransa ya ɓaci. Ina so in samo masa shirin duka, kashi 57 ɗin. Ƙanina da ke Manchester zai zo gida watan gobe, zai iya riƙo faifan asali. Ko kuma in je wajen masu tura fina-finai su zuba min a filashi. Babbar damuwata ita ce kunnen Baba ya yi nauyi, dole sai mai rubutu a ƙasa. Sannan na'urar DVD ɗinmu ta tsufa, ban san ko za ta karɓi faifan Ingila ba. Wanda ya taɓa saya don Allah ya faɗa min yadda ta kaya.

Ɗan Fagge
Wa alaikumus salam. Kai, ka tuno min da nisa! Wannan kiɗan na farko, da motar da ke fasa gilashi ta fito. Ford Capri ɗin su Bodie dai ta ci sunanta. Ni Bodie ne nawa har gobe.

Malam Na-Zariya
Allah Ya ba Baba lafiya. Ka duba YouTube mana, me zai sa ka kashe kuɗi?

Abban Sadiq
Amin, na gode Malam. Na duba, wasu kashin babu, wasu hoton ya dushe, kuma Baba ba ya iya kallo a waya.

Maman Hanifa
Ɗan'uwa, tunda ka ce ƙaninka ne zai riƙo da hannunsa, to ka gode wa Allah. Kada ka kuskura ka bi ta hannun masu kawo kaya. Shekara biyu da suka wuce na yi wa maigidana odar wannan shirin, don shi ma mayensa ne, na ce in ba shi mamaki ranar da ya yi ritaya. Na biya kuɗin faifai, na biya kuɗin awo, aka ce sati uku. Wata huɗu ina zarya. Yau a ce kaya na Legas, gobe a ce an riƙe su sai an ƙara wani abu, na ƙara har sau biyu. Ranar da aka kira ni na je na karɓa, kwalin ya jiƙe ya bushe, gefensa a yage an liƙe da salatif. Na buɗe a cikin adaidaita sahu, hannuna na rawa. Faifai biyu sun tsage gida biyu, ɗaya babu shi sam, ramin da yake zama kawai na gani. Da na koma, yaron shagon ko ɗago kai bai yi ba, ya ce su a haka aka ba su. Abin da ya fi ci min rai, bikin ritayar ya wuce da wata uku. Maigidan ya karɓa ya yi ta godiya, amma duk sanda ya kai inda faifan ya ɓata sai ya yi shiru ya kashe. Har yau ban yafe ba.

Ɗan Fagge
Subhanallahi. Hajiya nawa kika kashe gaba ɗaya?

Maman Hanifa
Faifan fam 45, kuɗin kawowa da ƙare-ƙaren da aka yi ta karɓa sun kusa ninka shi.

Injiniya 4.5
Hajiya an cuce ki, amma fam 45 ai DVD ne. Wanda ake nema shi ne Blu-ray na kamfanin Network, wanda aka wanke hoton daga asalin fim ɗin, aka fitar a kwali huɗu, Mk I zuwa Mk IV. Kamfanin ya rufe a 2023, shi ya sa kowa ke sa kuɗin da ya ga dama. Ni na biya fam 120 a hannun wani, kuma ban yi da-na-sani ba. Har zanen rigar Cowley kana gani.

Baban Yara
Fam 120? Ni fam 18 na saya a shagon gwanjo a Birmingham, DVD, ba abin da ya same shi.

Mai Shayi Jos
Ni dubu biyu na ba wani yaro ya cika min filashi. Da na zo gida rabi Bodie da Doyle ne, rabi fim ɗin Indiya mai fassara. Uwargida ta ce yaron ya fi ni sanin abin da gidan ke bukata.

Injiniya 4.5
Abban Sadiq, kada ka saurari masu filashi. Maganar na'ura kuwa, ana kulle faifai bisa yankin duniya, faifan DVD na Ingila yanki na 2 ne, mu nan yanki na 5 muke, sai dai yawancin ƙananan na'urorin China da ke kasuwa ba ruwansu da yanki. Blu-ray kuma Turai da Afirka duk yankin B ne, amma tsohuwar na'urarku ba za ta karanta shi ba, sai ka sayi wata.

Baban Yara
Injiniya, mutum ya ce maka tsoho ne mai ciwo, kai kana lissafa masa sabuwar na'ura. Dattijon da ya kalli abin nan a ƙaramar talabijin ta ɗakin ɗalibai ina ruwansa da zanen riga?

Injiniya 4.5
Ni na riƙe duka biyun a hannuna na gwada. Kai ɗaya ka gani. Wa ya kamata a ji maganarsa?

Baban Yara
Wanda ya yi jinyar uba shekara shida. Na san abin da tsoho ke iya latsawa da wanda ba ya iyawa.

Hajiya Turai
Ku yi haƙuri da juna. Abu ɗaya zan ƙara, don ni na kalla tare da mahaifina. Akwai kashin da ake kira Klansmen, wanda tashar ITV ta Ingila ba ta nuna ba a lokacin saboda batun wariyar launin fata. Yana cikin faifan da muka samu. A ciki Bodie yana furta maganganu marasa daɗi kan baƙar fata, duk da daga baya ya gane kurensa. Babana ya zauna a can a shekarun, ya sha irin wannan a titi da wajen neman ɗakin haya. Da muka zo wurin sai ya ce a cire, ya kwana bai yi magana ba. Ka fara kalla kai kaɗai kafin ka sa masa.

Ɗan Fagge
Ba shi ne wanda Steed yake ciki da lema ba?

Injiniya 4.5
A'a, wancan The New Avengers ne. Marubuci Brian Clemens ne dai ke bayan duka biyun, kuma a can Lewis Collins (Bodie) da Martin Shaw (Doyle) suka fara fitowa tare a 1977. CI5 kuma, hukumar da su Bodie ke wa aiki, babu ita a zahiri, ƙirƙira ce.

Mai Shayi Jos
Da akwai ta da Hajiya Maman Hanifa ta tura su shagon nan, Cowley ya karɓo mata faifanta.

Malam Na-Zariya
Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Shirin da aka gama a 1983, Gordon Jackson da ya fito a Cowley ya rasu tun 1990, Lewis Collins ya bi shi a 2013, amma ga shi muna musu kan wane bugu ya fi kyau, don mutanen sun adana kayansu. Mu fa? Mahaifiyata ta roƙe ni in samo mata Samanja na da, wanda suke kallo da daddare a tsakar gida. Na je wata tasha da ƙafata, aka yi ta tura ni daga ofis zuwa ofis. A ƙarshe wani dattijo ya buɗe min wani ɗaki, kaset-kaset jibge a ƙasa, ƙura da fumfuna sun cinye su. Ya ce da yawa ma an ɗora wasu shirye-shirye a kansu tun tuni, lokacin da babu kuɗin sabon kaset.

Hajiya Turai
Wallahi Malam ka taɓo inda ke min ciwo. Wasannin Kasimu Yero nake nema, sai guntu-guntu a waya, murya na shaƙewa.

Baban Yara
Kuma 'yan wasan nan da yawa sun tsufa ba su da komai. Ko a ce an sayar da aikinsu, wa zai ba iyalansu wani abu?

Abban Sadiq
Na gode ƙwarai jama'a. Amma har yanzu ba wanda ya ce min ko DVD ɗin na da rubutu a ƙasa. Baban Yara, don Allah ka duba bayan kwalinka, ƙanina na jiran amsa kafin Juma'a.

Maman Hanifa
Malam Na-Zariya, wace shekara ka je tashar? Akwai wani maƙwabcinmu da ya yi aiki a irin wurin, yana cewa ya kwashe wasu kaset ya kai gida da aka zo zubarwa. Bari maigidan ya dawo daga masallaci in tambaye shi ko mutumin na nan da rai.